Gayyar da Ba a Kira Mu Ba

Ranar da ƴan ƙungiyarmu suka ɗaga hannu suka zaɓe ni shugaba, Mushe, kamar yadda muke kiran malamin makaranta a nan, bai ɗaga nasa ba. Shi ya kafa ƙungiyar a Madawa bayan ya ajiye aikin koyarwa, don a taimaki waɗanda suka fito daga kaso, wato gidan yari, da waɗanda ƙwaya ta kayar. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman bayansa ba, amma bai taɓa kwana a ɗakin da ake kullewa ta waje ba. Ni kuwa na yi shekara biyu a ciki. Tramol ce ta kai ni, ita da buhunan albasar mutane da na ɗora a babur ɗina na kabu-kabu ba da sanin masu su ba. Mushe ya ce wanda bai iya rubuta wasiƙa da Faransanci ba, ba zai iya riƙe ƙungiya ba. Na ce na bar masa wasiƙa har abada, ni ƙafa zan sa. Kowa ya yi dariya ban da shi.

Ba a yi wata ba aka sako wani mutumin wani ƙauye da ke bayan Tama. Shi ma ƙwaya ce ta sa ya kwance san noman yayansa ya sayar. Iyayensu sun rasu, gida da gona suna hannun yayan, shi kuwa ya aiko cewa kada ƙanen ya kuskura ya tako masa ƙofa. In bai karɓe shi ba, ba inda zai nufa sai tasha, kuma na san abin da ake sayarwa a bayan tasha.

Mushe ya riga ya tsara komai: a ɗauki mota, a kai wa maigari takarda, a tara jama'a a yi musu jawabi. Da na ji haka sai raina ya ɓaci, don ni ma haka aka mayar da ni garinmu. An tara mutane, an yi jawabi mai daɗi, kowa ya ce mini barka da zuwa saboda kunyar baƙi. Da motar ta juya, shi ke nan. Damina guda cur ba wanda ya kira ni gayya, in ana shan fura a taro kuma ludayi ya zo kusa da ni sai ya canza hanya. Wannan ya fi mini kaso ciwo.

Na ce ba mota, ba jawabi. Na ajiye mutumin a gidana, na kai shi likita aka duba shi, kullum da safe kuma mu tafi ɗan fegina mu yi noma, don hannunsa ya yi laushi a kaso. Na baza kunne wajen tsofaffin abokan sana'ata ƴan kabu-kabu, waɗanda ba a yin atishawa a ƙauye ba su ji ba. Bayan sati uku suka kawo labari: yayan ya kira gayya ranar Asabar, za a yi wa geronsa noma na biyu.

Abin da na dogara da shi kowa ya san shi. Ba a korar wanda ya zo gayya da hauyarsa, ko da ba a kira shi ba. Abin da Mushe bai sani ba shi ne, a gayyar yanzu akwai butar shayin da ke zagayawa kafin a fara aiki, kuma ba sukari kaɗai ke cikinta ba. Na san ina kai mutumin bakin ramin da ya faɗa ne. Tsoro ya kama ni sosai, amma ban nuna masa ba.

Mushe ya ce sai ya bi mu ya ga ƙarshen wannan hauka. Muka hau babur mu uku, da hauya biyu ɗaure a gefe, Mushe da takalminsa sau ciki da takardarsa a aljihu. Hantsi bai yi ba muka isa. Mutane sun jeru a bakin gona, da suka gane wanda ke tafe sai hira ta mutu. Yayan, wani dogo mai furfura a gemu, ya dube mu ya kau da kai. Bai ce mu shigo ba, bai kuma ce mu koma ba. Muka kama kuyya biyu a can gefe.

Sai ga mai buta ya iso, ya miƙo wa abokin tafiyata kofi yana murmushi. “Karɓi, wanga mai ƙarhi na. In ba shi, ba ka kai tsakiyar gona.”

Abokina ya ƙura wa kofin ido. Na ce wa mai butar, “Mun gode, malam. Mu mun sha rabonmu tun tuni, har da na jikokinmu.”

Aka fashe da dariya. Abokina ya girgiza kai da kansa, mai buta ya wuce.

Aka fara. Waɗanda suka sha shayi suka yi gaba kamar ana korarsu, mu kuwa muna baya muna haki. Ni da nake cika baki, bayana ya fara kuka tun kafin tsakiya. Abokina tafin hannunsa ya fashe, gumi ya jiƙe masa riga, amma bai tsaya ba. Kowa ya kai ƙarshen kuyyarsa ya zauna a inuwar aduwa inda Mushe yake, saura mu biyu a tsakiyar gona ana kallo.

A gayya, wanda ya gama yakan juyo ya tarbi na baya daga ɗaya bakin kuyyar. Wani dattijo ya taso ya tarbe ni. Kuyyar abokina kuwa ba wanda ya taɓa, kowa yana satar kallon mai gona. Na ce a raina na kashe mutumin nan da kunya, Mushe ya yi gaskiya.

Sai yayan ya ajiye butar ruwan da ke hannunsa, ya ɗauki hauya, ya shiga kuyyar ƙanensa. Yana turo ta daga can, ƙanen yana turowa daga nan, ba mai ɗaga kai, har bakin hauyoyinsu suka haɗu.

Yayan ya ce, “Kai, hakanga aka riƙon hauya? Dubi hakin da kab bari baya.”

Ƙanen ya ce, “Yaya…”

“Yi mani shiru. Taho ka sha hura.”

A inuwa yayan ya sha ludayi biyu, ya miƙa wa ƙanensa da hannunsa, daga shi kuma ludayin ya zo wurina, bai canza hanya ba. Ban taɓa shan fura mai daɗin wannan ba, ga shi kuwa nonon ya yi tsami. Da aka tashi da la'asar, yayan ya jefa hauyarsa a gaban ƙanen ya ce, “Ɗauko, ka kai ta gida.” Ya yi gaba, ƙanen ya saɓa hauya biyu ya bi shi.

Muna hanyar komawa na ji Mushe ya saki kafaɗata. Na waiga, sai na ga hannunsa a sama. Ya ce, “Wanga na ranar zaɓe na. Dubi gabanka kar ka kashe mu.”

Na danna oda tun daga nan har bakin kwalta, awaki suna watsewa, ina dariya hawaye na zuba. Mu uku muka zo a babur ɗin nan, mu biyu muka koma.