Damtsen Sanusi Bai Kai Ja Ba

Har in bar duniya ba zan manta da wata Talata a tsakiyar damina ba, lokacin ina aikin awon yara a wata ƙaramar likita, wato ɗakin shan magani, a gefen Maraɗi. Hatsi bai nuna ba, rumbuna kuma sun daɗe da yin fayau.

Ga wanda bai san aikin ba, da igiyar awo mai launi uku muke zagaye damtsen yaro. Tsanwa lafiya ke nan. Rawaya tamowa ce matsakaiciya, sai mu ba uwa garin kunu mai ƙarin sinadari ta dinga dama masa. Ja kuwa ta yi tsanani, maganinta daban ne. A wannan watan garin 'yan rawaya ya ƙare ƙaf. Majo, wato shugaban likitar, ya tara mu ya ce ɗan maganin da ya rage a sito na 'yan ja ne kawai, kuma duk wadda ta matse igiya don tausayi ta cuci wani yaron da ya fi jin jiki. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ma abin ya fi ciwo.

Wajen hantsi layi ya zo kan wata mata mai suna Hadiza, da ta tako a ƙasa daga wani ƙauye bayan Tsibiri, goye da ɗanta Sanusi. Na auna shi sau biyu. Rawaya ce, saura ƙiris ta taɓa ja. Da na ɗan ja igiyar da yatsa, da ya samu magani. Ban ja ba. Na buɗe baki na zuba mata karatun da muka haddace, wai ta riƙa sa masa gujiya da ƙwai da zogale a kunu. Ni kaina na ji kunyar maganar, don matar ko fura ba ta sha ba ranar.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malama, in na gane, sai shi ƙara lalacewa za ku ba shi? To kwana nawa za shi yi kahin shi kai jan, in san randa zan komo?"

Na ce ta dawo bayan sati biyu.

Sai da ta yi uku. Sanusi ya zo ƙafafu a kumbure, ko kuka ba ya iya yi. Nan take muka tura su babban asibiti, kwana biyu ya yi a can ya cika.

Ku da kuka shigo aikin nan sabo, ga abin da na koya: mun iya gano yunwa tun tana ƙarama, amma ranar da sito ya zama wayam, awonmu ba ya hana komai. Har na bar wurin ina auna yara daidai, kuma ban ƙara iya kallon idon uwa ba in igiya ta tsaya a rawaya.