Guzurin Mai Gadi

Jiya da yamma ina tsaye a kicin ɗina a nan Birmingham ina suyar cincin, sai karenmu ya turo ƙofar baya ya shigo jiƙe sharkaf da ruwan sama, ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya girgiza jiki. Ƙamshin cincin ya gamu da warin jiƙaƙƙen kare. Idan ba ku taɓa shaƙar waɗannan biyun a haɗe ba, to ba ku yi asarar komai ba, amma ni a hancina wannan shi ne Kirsimeti. Sai da na rage wuta na zauna, don tuni hankalina ya koma Manchester, gidanmu na Longsight, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare.

Gidan irin waɗanda ake ginawa manne da juna ne, bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci, idan ya yi tari kana iya ce masa sannu. Baba yana tuƙa bas, Mama tana aikin kula da tsofaffi, don haka da rana ba ka samun ko ɗayansu. Mai riƙe da gidan ita ce Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga kudancin Kaduna don ta yi renona. Har na yi wayo kullum maganarta ɗaya ce, baɗi za ta koma gida. Kowa a layinmu Kaka yake ce mata, har Baba da ta haifa.

Turancinta bai wuce na gaisuwa ba, shi ma da ƙyar. Abin da ya riƙe ta a ƙasar nan shi ne Hajiya, maƙwabciyarmu ta bango ɗaya, Bazazzagiya, sa'arta, wadda mijinta ya rasu take zaune da ɗanta. Kullum da hantsi Hajiya za ta shigo falonmu, su dafa shayi mai citta, su zauna kusa da hita mai ɗumama ɗaki suna zagin ruwan saman Manchester da ba ya zuba ba ya ɗaukewa. Da Sallah naman Hajiya ne farkon abin da ke shigowa gidanmu. Da Kirsimeti kuwa, kafin kowa ya sa cokali, ni ake ɗora wa tire in kai mata shinkafa da miya da soyayyen nama. Naman ma ba a ko'ina Kaka ke yarda a saya ba sai a shagon mahaucin Musulmi da ke bakin titi. Ta ce a gida ma idan za a yanka akuyar Kirsimeti, malamin unguwa ake kira ya sa wuƙa, don kada a ci a bar maƙwabci da kallo.

A farkon sanyin shekarar nan ne Baba ya dawo daga aiki da kare a bayansa. Na wani tsohon Bature ne abokin aikinsa, zai koma ƙaramin gida inda ba a yarda da dabba ba. Ɗan ƙaramin kare ne ja, mai faɗaɗɗun kunnuwa da suka zubo, ga idanu kamar na wanda aka yi wa laifi. Ya zo da katifarsa, da kwanonsa, da wata 'yar riga ta sanyi, har da likitansa. Kaka ta yi dariya har da hawaye. A garinsu kare a waje yake kwana, ya ci ragowar tuwo, ya yi haushi idan ɓarawo ya zo. Wannan kuwa idan mai kawo wasiƙa ya ƙwanƙwasa sai ya hau kaɗa wutsiya, idan ya ga kyanwa ya ɓuya a bayan kujera. Shi ya sa ta raɗa masa Mai Gadi don ba'a, sunan kuma ya bi shi, na Turancin da ya zo da shi ya ɓace.

Ni kaɗai ce a wurin iyayena, ba yaya ba ƙani. A watannin nan da duhu ke rufewa tun la'asar, in taso daga makaranta cikin yayyafi, tun daga kan kwana nake hango kansa a taga yana jirana. Ban taɓa samun wanda ke murnar ganina haka ba, kuma na so shi iyakar so.

Ranar farko da Hajiya ta shigo bayan zuwansa, sai ya ruga da gudu ya hau shinshinar gefen mayafinta. Ta yi salati ta ja da baya har bakin ƙofa. Ta dai gaisa a tsaye ta tafi. Daga ranar gaisuwa ta koma ta bakin ƙofa, sannu sannu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Kujerarta ta kusa da hita ta zama inda muke jibge wanki. Kaka ta rage magana, shayin ma kofi ɗaya take dafawa, wani lokaci ya huce ba ta sha ba.

Disamba ta kama. Aka rataya fitilu a titi, muna zuwa coci koyon waƙa, Mama ta karɓo ankon zumuntar matan coci daga wurin tela. A sauran shekaru war haka Kaka ta sauko da manyan tukwanenta daga saman kabad, ta fara cika bokitai da cincin, tagogi su yi gumi saboda tururi. Wannan shekarar tukwanen na can sama ba wanda ya taɓa su. Wata rana muna cin tuwon dare ta ajiye lomarta ta ce kafin ta ɗora tukunyar Kirsimeti sai Mai Gadi ya bar gidan.

Baba ya ce, "Haba Kaka, kare ne fa kawai. Likitan dabbobi ya duba shi, lafiyarsa ƙalau."

Ta ce, "Ban ce yana da ciwo ba. Na ce Hajiya ba za ta ci abin da aka dafa inda yake shinshine-shinshine ba. Ni kuwa ban taɓa cin Kirsimeti maƙwabciyata na kallo ba, ba kuma a ƙasar mutane zan fara ba."

Ba wanda ya ce a je a tambayi Hajiya. Yanzu idan na tuna abin yana ba ni dariya, bango ɗaya ne fa tsakaninmu. Amma a wurin Kaka tambayar ma rashin kunya ce, ai sai ka sa mutum ya faɗi abin da yake kawaici a kai. Mama ta kira Kawu, ƙaninta da ke Birmingham, mai gida da ɗan fili a baya. Ya ce zai zo ya ɗauke shi ranar Asabar ɗin da ke gaban Kirsimeti.

Na yi kuka, na yi fushi, na daina yi wa Kaka Hausa, in ta yi min magana in amsa da Turanci don in ƙuntata mata. A cikin wannan zaman fushin ne na lura da wani abu. Idan na ba Mai Gadi umarni da Turanci sai ya karkata kai yana kallona. Amma Kaka na cewa "zauna" zai zauna. Idan ta ce "fita min daga kicin", sai ya fita ya kwanta, ya ɗora hancinsa daidai kan dokin ƙofa, bai shiga ba bai kuma tafi ba. Wata rana na dawo da wuri, na tarar da ita a kan kujera tana ba shi labarin rigimar gonar da aka yi da dangin mijinta, shi kuma ya ɗora haɓa a kan ƙafarta yana saurare kamar ya san mutanen. Ashe tun da Hajiya ta daina shigowa, shi ne abokin hirarta. Na ce a raina shi ke nan, za ta sauko. Ba ta sauko ba.

Ranar Asabar da safe Kawu ya iso. Aka sa katifar Mai Gadi da kwanonsa a bayan mota, shi ma ya hau ba gardama, yana tsammani yawo za a kai shi. Ina tsaye a bakin ƙofa ina sharar hanci, sai ga Kaka ta fito da leda a hannu ɗaya, tsohon zanenta a ɗayan. A ledar akwai ƙanzon shinkafa da guntayen naman da ta dafa tun da sassafe ba yaji. Guzuri ta yi masa, yadda take yi wa duk baƙon da zai bar gidanmu. Ta shimfiɗa zanen a kansa da hannunta, sannan ta juya wurin Kawu.

"Ba ya jin Turanci sosai," ta ce. "Ka riƙa yi masa Hausa."

Tana gama maganar ta yi sauri ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Daidai nan Hajiya ta ɓullo daga kasuwa tana jan jakar cefanenta mai taya. Ta tsaya nesa kaɗan da motar ta ce, "A'a, tafiya ake yi?"

Kaka ta ce, "Zai ɗan leƙa Birmingham ne."

Ni kuwa 'yar Manchester, ban san kara ba. Na ce, "Ba zai dawo ba. It's because of you, Hajiya. Kaka ta ce ba za ki ci abincinmu ba in yana nan."

Kallon da Kaka ta yi min har yau ina jin zafinsa a ƙeyata. Kawu ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin mota. Hajiya ta dubi ledar guzurin, ta dubi zanen da ta sani sarai a jikin Kaka.

"Ba zan yi miki ƙarya ba, Kaka," ta ce. "Zuciyata ba za ta kwanta da abincin kicin ɗin da kare ke shiga ba. Haka na tashi. Amma kicin ɗinku ne kaɗai a layin nan? Cooker ɗin girkin da ke gidana ta ado ce? Ki kwaso tukwanenki, in wanke su da hannuna, mu ɗora a wurina. Don ni za a raba yarinya da abinta?"

Kaka ta riƙe baki. "Abincin Kirsimeti a gidanki, Hajiya? Me mutane za su ce?"

"Su ce sun ji ƙamshi. Ni ina can ina cewa kin yi sabon aboki kin manta da ni. Ƙafarki ciwo take da ba za ki shigo ba?"

Kaka ta ce ai gashin karen duk ya bi kayanta, shi ya sa ta ji nauyin shiga inda ake salla. Hajiya ta ce to ta sake zane mana, ko zanen ma duk ta rabar wa karnuka? Suka fashe da dariya a tsakiyar titi, irin dariyar da na yi wata da watanni ban ji ba. Kawu ya koma Birmingham da mota wayam yana mitar man da ya ƙona a banza. Mai Gadi ya cinye guzurinsa a tsakar falonmu.

Da yammar ranar aka fara miƙa tukwane ta saman katangar baya. Kwanakin da suka rage duk a kicin ɗin Hajiya muka yi su. Ni ke yanka cincin, Kaka na suya, Hajiya na sukar yawan sukarin da aka zuba tana kuma ɗiba tana ci. Idan lokacin salla ya yi ta shiga ɗaki, Kaka ta rage waƙar cocin da take rerawa a hankali har ta idar. Mai Gadi yakan miƙe da ƙafa biyu a jikin katanga yana kukan a tuna da shi. Hajiya takan ɗebi nama a ludayi ta wulla masa daga nesa tana cewa ya yi can, mayunwacin banza. Har ya mutu da tsufa ba ta taɓa shi ko da yatsa ba, bai kuma taɓa rasa rabonsa a wurinta ba. Ranar Kirsimeti bayan mun taso daga coci, Kaka ta zuba wa Hajiya farantin farko a kan teburinta. Ni aka ɗora wa tire kamar kullum, sai dai wannan karon gidanmu na kai.

Haka aka ci gaba da yi kowace shekara har Kaka ta kwanta dama. Baɗin da take ta faɗa bai zo ba. Su Baba sun tashi daga layin, ni aure da aiki suka kawo ni nan. Maƙwabtana na yanzu mutanen kirki ne, amma gaisuwarmu ba ta wuce ɗaga hannu, ban san abin da suke ci ba, ba su san nawa ba. Yarana Hausarsu ba ta fi ta Mai Gadi ba, "zauna" da "fita" da "zo ka ci". Wani lokaci ina jin tsoron abin da Kaka ta riƙe da ƙarfi haka zai tsaya a kaina.

Ina cikin wannan tunanin jiya, cincin na neman ƙonewa, sai wayata ta yi ƙara. Hajiya ce. Ta tsufa sosai, da sanda take tafiya, amma bakin na nan. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba ta ce yaushe zan kawo tukwanen, ko sai Kirsimeti ya wuce? Na ce ranar Asabar da yardar Allah. Ta ce in taho da yaran, lokaci ya yi da za su koyi yankan cincin, kuma babbar ce za ta ɗauki tire bana.

Har zan kashe wayar ta sake kiran sunana.

"Wannan Mai Gadin naku ki bar shi a gida," ta ce. "Amma ki taho da leda. Na ajiye masa guzuri."