Motar da Yaya Ya Kasa Saurara

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa ita ce shekarar da fetur ya haukace. Kuɗin sallamata suka shigo a dunƙule, na kuma san daga su babu wasu, sai ɗan fanshon wata-wata. Mota nake nema, ba don gayu ba. Gidana yana Yelwa, gonar da na gada tana Miri, masarar kuma a kasuwar Muda Lawal nake sayar da ita, ga gwiwoyina sun daina shiri da acaɓa. In na kuskura na sayi motar da za ta riƙa lamushe fanshona, na kashe kaina da hannuna.

A gidanmu ba a sayen abu mai inji sai Yaya ya saurare shi. Shi ne babban wanmu, bakanike ne, ya haura shekara arba'in a gareji. Yana da wata doguwar sukundireba, sai ya dafa bakinta a jikin inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. In ya ɗago ya ce "Na tsaya miki," to a biya kawai. Ko injin markaɗen gidana sai da ya bi ta kunnen nan.

Muka je wurin wani mai sayar da motoci, mutumin kudu da ya daɗe a Bauchi, Hausarsa ta kama hanya. Huɗu ya nuna mana. Mai shan dizal Yaya ya yaba ƙarfinta, amma ya ce man da take sha ya fi fetur tsada, kuma ni ba tifa zan buɗe ba. Ta lantarki zalla ita ta tafi da hankalina, don ko wurin zuba mai ba ta da shi. Yaya ya harare ni.

"A ina za ki yi mata caji, Malama? Ke da firjinki ya koma ma'ajiyar kwanuka?"

Na ji haushi, amma gaskiya ya faɗa. Sai dai in haɗa da sola mai ƙarfi, kuɗina kuwa ba su kai can ba. Ta fetur ya saurara ya ce lafiyarta lau, ya tsaya min, sai dai tana da ci. Saura ta huɗu, wadda mai motocin ya kira haibirid, wato rabi fetur rabi batir, kuma ta fi ta fetur ɗin tsada.

Yaya bai yarda da allurar mai ba, balle bakin mai talla. Nasa gwajin shi ne a cika tanki har baki, a bi ainihin hanyar da mai motar zai riƙa bi, a dawo a sake cikawa da galan a ga abin da ta sha. Haka muka yi wa ta fetur da safe, da hantsi muka ɗauki haibirid. Ni ke tuƙi, Yaya a gefena, mai motocin a baya.

A bakin Muda Lawal muka tsaya bayan wata babbar mota da ake sauke buhuna. Sai injin ya yi tsit.

"Ta mutu," in ji Yaya. "Dama na sani. Sa ta a firi in tura."

Har ya buɗe ƙofa ya sa ƙafa ɗaya waje. Mai motocin ya ce, "Baba, zauna, bai mutu ba. Hajiya, ɗaga ƙafa a birki."

Hanya ta buɗe, na ɗaga. Motar nan ta sulale gaba, babu ƙara, babu girgiza, babu hayaƙi, kamar tire a hannun mai natsuwa. Ina jin wata mata tana taya tattasai, ina jin takun 'yan dako, har numfashin Yaya ina ji. Wallahi tsigar jikina ta tashi. Ni da na girma ina ganin mota sai an yi mata ihu an tura kafin ta tashi, ga ni zaune cikin ƙarfe yana tafiya shiru. Yaya ya ja ƙofar a hankali, ya ce, "Ikon Allah." Muka wuce Miri.

Da muka dawo aka ɗauko galan. Abin da ta sha bai kai ko kusa da na 'yar'uwarta ba. Yaya ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, wai ko an ɓoye wani tankin. Babu. Ya sa aka buɗe gaba, ya dafa sukundirebarsa, ya daɗe ido a rufe. Da ya kai hannu wurin wasu wayoyi masu kauri, launin ruwan lemo, mai motocin ya yi saurin cewa kar ya taɓa, akwai wuta mai kisa. Yaya ya janye hannunsa. Tun tasowata ban taɓa ganin ya ja da baya a gaban mota ba, sai na ji tausayinsa ya kama ni.

Na ja shi gefe. "Yaya, ka tsaya min?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, alhali babu ko ɗigon baƙin mai a jikinsa.

"Ban tsaya miki ba," ya ce. "Ba na tsayawa kan abin da ban ji ba. Ran da batirin nan ya mutu, kuɗinsa zai girgiza ki, ni kuma ba abin da zan iya yi miki. Ki riƙa ajiye abin da ta rage miki na mai saboda wannan ranar." Ya sake kallon motar. "Amma da kuɗina ne, ita zan ɗauka."

Ina da shekara sittin a duniya, ranar na fara sayen abu mai inji babu mai tsaya min. Na sa hannu a takarda, ina sane da cewa wahalar shekara talatin da biyar na miƙa. Da aka ba ni makulli, na ce wa Yaya ya shigo in sauke shi a gareji.

Ya shiga, ya gyara zama, ya sauke gilashi.

"Ki bi ta doguwar hanya," ya ce. "Kuma ki tafi a hankali."