Ramukan Ɗamarar Lavize

Lavize masaƙiya ce, tun tana shekara tara take gaban masaƙa a ƙauyensu na ƙasar Latbiya. Ba ta da fara'a, ba ta kuma damu a ce tana da ita ba. Bayan ɗanta Ansis, babu abin da take ji da shi kamar wata doguwar ɗamara ja da fari da kakarta ta saƙa. An jera alamar Perkons, abin bautar kakanninsu mai tsawa, sau goma sha biyu a jikinta, gicciye mai lanƙwasassun hannuwa huɗu, wanda suke kira gicciyen wuta. Tun kafin coci ya zo ƙasar ake ɗaura wa jarirai da amare wannan alama don ta kore mugun abu.

Sai Jamusawa suka zo da irinta a tutarsu, suka ɓata mata suna. Suka kwashe Ansis aikin soja da ƙarfin tsiya. Kafin ya dawo da ƙafa ɗaya, Rashawa sun karɓe ƙasar, ana ta cika taragu da mutane zuwa Saiberiya. Tsohon sojan Jamus, ga wannan alama a gidansa, ai magana ta ƙare.

Da ta ji ana bin gidaje bincike, Ansis ya ce, "Inna, ki ƙone ta."

"Kai da aka naɗe ka a cikinta aka lasa maka gishiri ranar sunanka? Rufe mini baki."

Ta ɗauki almakashi ta yanke alamun ɗaya bayan ɗaya. Amma hannun gwana ba ya iya ɓarna. Zare-zare ta bi, tsaf, ba ta kauce ba.

Da hantsi Vilis ya iso, ɗan maƙwabta da ya zama ɗan sanda, da wani Barashe a bayansa. Barashen ya shiga kwance katifa. Vilis ya buɗe adaka, ya zaro ɗamarar, ya ɗaga ta wajen taga. Rana ta ratsa ramukan, gicciye goma sha biyu suka jeru a ƙasa, ras, kamar an zana su da alli.

Lavize ta tsaya tana kallon alamun a ƙasa.

Barashen ya tambaya daga can, "Me ka samu?"

Vilis ya dubi Lavize. Wannan ɗamara aka ɗaura wa uwarsa ranar aurenta, aro.

"Tsumma ne, asu ya cinye." Ya rage murya. "Asun gidan nan gwani ne, Inna."

Ya dunƙule ta ya cusa a murhu, ya tsaya har ta kama.

Ansis ya kwana a gida ranar, ya kuma tsufa a gidan. Lavize ta yi murna, ta kuma yi baƙin ciki, duk a lokaci ɗaya. Har ta mutu ba ta sake gaida Vilis ba, amma duk shekara sai ta aika masa da safar hannu, fara fat, babu ado ko ɗaya.