Tafiyar Gidan Sori da Farashin Igiyata

Ana sallame asuba muka bar Gazawa, mu uku: ni, maigidanmu, da wanda ke shiga mana rami. Ginin rijiya ne sana'armu. A da ni ke shiga, amma tun da gwiwa ta ƙi, sai na koma riƙon igiya a sama. Maigida ya ce raba kuɗi daidai ya ƙare, kowane aiki za a biya shi gwargwadon nauyinsa. Wai akwai wani tsohon magini a Gidan Sori da ya iya wannan awo. Na san albashina ake zuwa aunawa.

Kuɗin mota ya hau, kujera kuwa ba ta ƙara faɗi ba. Har Maraɗi akuyar wani Bafillatani na tauna gefen rigata. A tasha muka ci ƙosai, kowane ɗaya kamar maɓallin riga. Daga kwalta muka hau baburan kabu-kabu, yashi na kwasar taya, gero da wake hagu da dama.

A Gidan Sori tsohon ya ba mu fura, ya zaunar da mu da mutanensa a gindin gawo. Awonsa tambaya ɗaya ce: a kuɗi ɗaya, wa zai yarda ya bar aikinsa ya karɓi wancan? Aikin da kowa ya guda, shi ne babba.

Aka ce shiga rami. Ba wanda ya ɗaga hannu, kowa na kallon ƙasa. Aka ce zuba siminti, mutum ɗaya ya yi motsi. Aka ce riƙon igiya, hannuwa suka tashi, har da na mai jakin ɗebo ruwa.

Na ce, "Baba, shekarun da na yi a ƙasa fa?"

Ya ce, "Ɗana, an biya ka su tun a lokacin."

Ban yi gardama ba, gaskiya ce. A hanyar komowa mai shiga ramin ya ƙi haɗa ido da ni. Na iso gida na ce wa mai ɗakina ta rage awon tuwo. Abin da na koyo shi ne, ana auna aiki ne, ba a auna mutumin da ya tsufa a cikinsa.

Washegari a bakin rijiya maigida ya ce duk mai so ya riƙe igiya, tunda aikin kowa ne. Mai shiga rami ya ɗaura ta a ƙugu, ya duba jama'a, ya miƙo mini bakinta.

"Yaya, riƙe. Ina da 'ya'ya."

Na riƙe, a sabon farashi.