Shekara Guda da Na Ɓata wa Muhsina

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 2024, bayan sallar La'asar, maƙwabcina Malam Sammani, mahaifin Muhsina, ya yi sallama a zaurena a Ƙofar Kwaya. Bai jira na amsa ba, ya shigo ya zauna a ƙasa, ya ce, "Baba Akawu, Muhsina ta riga mu gidan gaskiya." Motar da ta ɗauko ɗaliban makarantar koyon aikin jinya daga ƙauyen da aka tura su aikin koyo ce taya ta fashe mata a hanya. Sauran sun ji raunuka. Ke kaɗai Allah Ya ɗauka, Muhsina, kina da shekara ashirin da biyu, saura wata biyar ki zauna jarrabawar ƙarshe.

Ni da nake rubuta wannan na haura tamanin da huɗu. Matata Rashida ta rasu shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma Allah bai bar mana ɗa ba. Hannuna yana rawa, sai na huta bayan kowane layi biyu. Amma akwai maganar da na riƙe shekara huɗu, wadda ta shafi mutuncinki, kuma ba na son in bi ki da ita a ciki.

Tun kina firamare uwarki Hajo take aiko ki da kwanon tuwo gidana. Da kika gama sakandare kika ce aikin jinya kike so, a makarantar da ke haɗe da asibiti, inda ɗalibi ke karatu da safe ya shiga ɗakin marasa lafiya da rana. Mahaifinki tela ne, bai yi boko ba, sai ya kawo ki gabana ya ce, "Ga ta nan, kai ne mai ilimin unguwa. Ka nema mata." Na ji daɗin maganar fiye da yadda ya kamata.

Kin faɗa mini a lokacin, cikin ladabi, cewa an ce yanzu ta intanet ake cike fom. Na yi dariya. Na ce miki shekara talatin da biyu na yi ina akawu, tun zamanin En'e, kuma ban taɓa ganin an ɗauki mutum ba tare da takardar neman shiga da aka rubuta da hannu, aka kai ofis da ƙafa ba. Na ɗauko alƙalamina na tawada, na yi kwana biyu ina tsara wasiƙa da Turancin da aka koya mana a makarantar Midil. Na sa babbar riga, muka je tare. Wani ma'aikaci ya miƙe tsaye, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "To Baba, an gode." Ya ga furfura, ya ji nauyin ya ce mini ba haka ake yi ba. Ni kuma na dawo gida ina gaya wa mahaifinki cewa an gama.

Bayan wata biyu aka kafe sunayen waɗanda za su zauna jarrabawar shiga. Muka bi allon daga sama har ƙasa sau uku, babu naki. Muka shiga ofis, mutumin nan ya jawo aljihun tebur, sai ga ambulan ɗina ko buɗe shi ba a yi ba. An rufe karɓar fom tun makonni shida da suka wuce. Kika ɗauki ambulan ɗin kika sa cikin hijabinki. A cikin Keke Napep, muna komawa, na kasa duban fuskarki. Ke ce kika yi magana. Kika ce, "Baba Akawu, wannan tsakanina da kai ne. Zan ce sunana bai fito ba, kuma ai gaskiya ce, bai fito ba."

Haka kika faɗa a gida. Mahaifinki ya ɗauka sakamakonki na sakandare ne bai kai ba, ya yi miki faɗa a gabana, ya ce da kin rage surutu kin ƙara karatu da ba haka ba. Kika sunkuyar da kai. Ni ina zaune a kan tabarma, na ja carbina, ban ce komai ba. Maganar ta zaga unguwa cewa 'yar Sammani ta nema ba ta samu ba. Shekara guda kina zaune a gida kina taya mahaifinki sa maɓalli, ƙawayenki suna wucewa da fararen kaya. Ba ki fasa kawo mini tuwo ba ko da rana ɗaya.

Da shekara ta zagayo, kika zo da kanki kika ce in shirya mu je shagon kwamfuta. Na ce me zan yi a can. Kika ce, "Ka zo ka duba mana, kada kwamfuta ta yi kuskure. Ai ita ba ta yi Midil ba." Na zauna a gefenki kan benci, kina karanta mini kowane layi kafin a danna, kamar ni ne mai ba da izini. Kika ci jarrabawa, kika ci ganawar baki, kika tsallake tankaɗen da ake yi bayan wata shida na farko, wanda ya mayar da ɗalibai da dama gida. Ranar da kika fara sa farar riga, gidana kika fara shigowa kafin naku.

Daga nan na zama majinyacinki na gwaji. Duk Asabar kina zuwa, wani lokaci tare da ƙawarki Peace, 'yar wani ma'aikacin gwamnati daga Filato, wadda kuke ɗaki ɗaya a makaranta. Ku tashe ni daga gado ku shimfiɗa zanin, ku naɗe kusurwa, ku warware, ku sake, har sai ya yi yadda Sista, malamarku ta jinya, take so. Ki kama wuyan hannuna kina duban agogo, bakinki yana motsi. A wajen irin wannan gwaji ne kika ɗaura mini abin awon jini, kika duba, kika sake dubawa, fara'arki ta ɗauke. Kika ce, "Peace, zo ki gani, ko ni ce ban iya ba." Ba ke ce ba ki iya ba, jinina ne ya hau. Washegari kika kai ni asibiti. Tun daga ranar kika ɗauke gishiri daga ɗakina, kika je kika gaya wa Hajo ta riƙa ɗebe mini miya kafin ta sa magi. Na yi ƙorafi na ce abincin ba ya da ɗanɗano. Kika ce, "Ɗanɗano ka ci rabonka tun kafin a haifi babana."

Da aka kwantar da ni kwana tara a ɗakin maza, na ga yadda kike aiki da idona. A gadon da ke kusa da nawa akwai wani dattijo makiyayi da aka yi wa aiki a ƙafa, wanda ya ƙi cin abinci, ya ƙi magana da kowa, hankalinsa yana kan shanunsa. Kika je kika koyo gaisuwar Fillanci wajen wata mai shara, kika zo kika gaishe shi da ita a karkace. Ya yi dariya har ya yi tari, ya gyara miki, sannan ya karɓi kofin kunu. Ni kuwa duk wanda ya tambaye ki, sai ki ce kakanki ne. Ban taɓa jin an kira ni da wannan suna ba sai a bakinki.

Sau da dama na buɗe baki in nemi gafararki, sai ki kawo wata magana. Na bar shi a kan sai ranar da kika karɓi takardar shaidarki, in tara iyayenki in faɗa. Waɗanda ya kamata ki shiga tare da su sun gama tun bara, suna aiki. Tun ranar Talatar nan nake lissafin cewa da ban hana ki cike fom ɗin nan ba, da ba kya cikin motar. Na san wannan tunani ba shi da kyau ga Musulmi, na yi istigfari, amma yana dawowa.

Ranar addu'ar uku, bayan mutane sun ragu, na roƙi Malam Sammani ya kira Hajo bakin ƙofar zaure. Na faɗa musu komai, tun daga wasiƙar har aljihun tebur. Na ce Muhsina ba ta taɓa faɗuwa ba, ni ne na faɗi, ita ta ɗauka. Hajo ta fashe da kuka daga bayan labule. Mahaifinki ya ce, "Baba, kwananta ba a takardarka yake ba, wannan ka cire shi daga ranka. Mun yafe maka, ita ma ai ta yafe tun a ranar. Ni ne na yi mata faɗa a kan laifin da ba ta yi ba. Ni wa zan roƙa?" Muka zauna tare har aka kira Azahar, ya kama hannuna ya tashe ni, muka tafi masallaci.

Don haka nake rubuta wannan, domin duk wanda ya taɓa jin cewa 'yar Sammani ta nemi makarantar jinya ba ta samu ba, ya san ba haka aka yi ba. Tsoho ne ya ƙi jin maganar yarinya, yarinyar kuma ta rufa masa asiri har ta koma ga Mahaliccinta.

Ya Allah, Ka rufa wa Muhsina asiri kamar yadda ta rufa mini. Ka gafarta mata, Ka yalwata kabarinta, Ka sa hidimar da ta yi wa marasa lafiya ta zama haske a gare ta, Ka saukar da ita a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Sammani da Hajo da ƙannenta, da malamanta, da Peace da sauran 'yan ajinsu da ke jinyar raunukansu, Allah Ya ba su lafiya. Allah Ya sanyaya zuciyar mahaifinta, Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Malam Salihu Baƙo (Baba Akawu)
Ƙofar Kwaya, Katsina