Ruwan Sama da Ruwan Shanu

Na daɗe ina koyar da Hausa a wata firamare a Dutse kafin wata ƙawata da muka yi makarantar kwana tare ta janye ni. Ita kwamfuta ta karanta. Ta kama ɗaki biyu a unguwar Yalwawa, ita da abokan aikinta suna haɗa manhajar waya wadda manomi ko makiyayi zai yi wa tambaya da baki ta amsa masa. Na ce mata ban san komai a harkar ba. Ta ce, "Ke dai zo. Hausarki nake so."

A cikin manhajar akwai ƙirƙirarriyar basira, mu ɗan aike muke ce mata. Shi kansa bai san ko za a yi ruwa gobe ba, bai san maganin kaska ba. Kayan aiki aka tanadar masa: akwai na hasashen yanayi, akwai mai nuna burtsatse da mashaya mafi kusa, akwai na cututtukan dabbobi, da na ranakun kasuwa. Kowanne da ɗan bayaninsa, layi biyu ko uku, kamar rubutun jikin kwalbar magani. Wannan bayanin kaɗai yake karantawa ya zaɓi wanda zai ɗauka.

Aikina shi ne in rubuta bayanan, sannan in gwada su. Da safe in tsara tambayoyi in tura masa, in duba me ya ɗauka. Idan ya kauce, in koma in nemo kalmar da ta ɓatar da shi. A aji ɗalibi nake yi wa jan biro, a nan kuwa kaina nake yi wa. Makonnin farko kusan bai taɓa kuskure ba, har na fara jin kaina.

Ana cikin zafin bazara sai Baffa, ƙanin mahaifina, ya zo ganin likitan ido ya sauka a gidanmu. Shanu yake kiwo a wajen Kiyawa, kuma uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Bayan la'asar na miƙa masa wayar, na ce ya tambayi abin da yake so.

Ya kawo ta bakinsa ya ce, "Kai, ina ruwa?"

Ɗan aike ya amsa a natse cewa ba a sa ran ruwa a kwanakin nan, sararin sama garau yake.

Baffa ya yi dariya har da tari. "Uwata, wa ke neman hadari a watan nan? Shanu nake so su sha."

Na ce ya sake gwadawa. Ya ce, "Ina so in fitar da bijimi." Nufinsa ya kai shi kasuwa. Sai ɗan aike ya ɗauko na cututtuka, ya fara bayanin yadda ake ware dabba mara lafiya daga garke. Baffa ya mayar mini da wayar, ya ce abin yana da ladabi, amma bai taɓa zama da mutane ba.

Washegari na buɗe bayanan na karanta su kamar ba ni na rubuta ba. A jikin na yanayi na sa, "Yana ba da bayani kan ruwa." Shi ke nan. Tambayoyin gwajin kuma ni ce na tsara su, da Hausar aji, cikakkiyar jimla, da kalmomin da na riga na zuba a bayanin. Dole ya ci.

Ranar kasuwar Jahun na hau mota na tarar da Baffa a can. Ya samo mini benci a rumfar wani dillali a bakin kara, inda ake cinikin shanu. Na wuni ina saurare ina rubutawa. Ba wanda ya yi tambaya irin tawa. Kalma biyu, uku, sauran kowa ya gane. Daga nan na koma wajen mata masu nono, suka ba ni fura, suka yi ta mamakin wai maganarsu nake kwashewa a takarda.

Da na dawo na sake rubuta komai. Na yanayi ya koma haka: "Wannan na ruwan sama ne kawai, wato hadari, damina da lokacin shuka. Idan an ambaci shanu, kiwo ko ƙishirwa, ba shi ba ne. Idan ruwa kawai aka ce, tambayi wanne." Ƙawata ta ce ya yi tsawo, zai rikita ɗan aike. Na ce mu gwada tsohon bayanin da sabon da tambayoyin Jahun. Sabon ya fi kamo daidai, amma ita ma tana da gaskiya, don ya koma mai yawan tambaya, ko ranar kasuwa aka nema sai ya ce wacce iri. Kwana uku muka yi muna rage kalmomi muna sake gwadawa, har ya daidaita.

Na kira Baffa na ce ya gwada a wayar maƙwabcinsa. Ya ce ya gwada, an tambaye shi na sama ko na sha, an kuma nuna masa burtsatsen da ya riga ya sani. "Amma dai ya nuna daidai," in ji shi.

Har yau aikin nake yi, kuma ina jin daɗinsa. Duk wata nakan ware rana in shiga kasuwa da littafina. A makon jiya wata mata daga wani ƙauye ta turo saƙo ta ce akuyarta ciki ne, ɗan aike ya ba ta maganin gudawa, alhali akuyar haihuwa ta kusa yi. Ƙawata ta kira ta a waya ta warware mata. Ni kuma tun ranar nake kan bayanin, na rubuta shi sau huɗu, na biyar ɗin ne zan gwada gobe in Allah ya kai mu.